Murfin kwalbar tumatirina ya kumbura, kuma wani ya riga ya ci

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Tun watan Maris da tumatir ya yi araha na sayi kwando biyu, na markaɗa da tattasai da attarugu da albasa, na dafa har ruwan ya tsotse. Na ɗura a kwalaben Bama, na zuba mai a sama, na rufe, na sake tafasa kwalaben cikin ruwa. Guda 24 na samu. Yau da safe na shiga sito na tarar uku murfinsu ya taso, ɗaya ma da na murɗa sai ta yi tsaki tana kumfa. Abin da ya tayar mani da hankali, ashe jiya bayan isha'i autan su maigidan ya shigo da yunwa, ya buɗe ɗaya daga cikinsu ya shafa a burodi ya ci, ko ɗumamawa bai yi ba. Yanzu dai lafiyarsa lau, yana ta yi mani dariya wai ni matsoraciya ce.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kwantar da hankalinki. In abinci zai ɓata ma mutum ciki ai ba ya kwana, da tuni ya fara zarya bayan gida. Ki ba shi madara ya sha, ko cokali biyu na manja. Sauran kuma ki juye a tukunya ki tafasa, a yi miya.

Ɗan Marusa: Cikin ɗan Katsina ne fa. Wanda ya tashi da ɗumamen kwana biyu, tumatir ne zai kayar da shi?

Dakta Sa'adatu: Hajiya, a yi mani afuwa zan ɗan saɓa maki. Maman Ilham, kar ki dafa masu kumburin nan, kar ki ɗanɗana, kar ki zuba ma kaji. Wadda ya ci ki ƙulle ta cikin leda biyu ki ajiye wuri mai sanyi nesa da abinci, ƙila a buƙace ta don gwaji.

Ƙwayoyi da yawa na iya kumbura murfi, akasarinsu iyakarsu ɓata ciki. Amma akwai guda ɗaya da nake jin tsoro, wadda ke kawo cutar botulizim, kuma abin da kika kwatanta shi ne ainihin gidan da take so: abinci mai danshi, marar tsami sosai, a rufe ba iska, ya yi watanni cikin zafin sito. Dafinta ba ruwansa da sauri. Yawanci alamu kan fito tsakanin awa 12 zuwa 36, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci sai bayan mako guda ko fiye. Daga ƙarfe tara na daren jiya zuwa yanzu awa 13 ke nan, yanzu ma ya shiga lokacin.

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Innalillahi. Dakta to me zan duba? Jikinsa ba zafi, na taɓa.

Dakta Sa'adatu: Zafin jiki ba zai gaya maki komai ba, don wannan cuta ba ta zuwa da zazzaɓi. Fuskarsa za ki riƙa kallo. Daga sama take farawa ta gangaro. Mutum zai ce yana gani dishi-dishi, ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Fatar idanunsa duka biyun ta riƙa sauka kamar mai jin barci, in kin ce ya buɗe sai ya ɗaga goshi. Baki ya bushe ƙamas. Harshe ya yi nauyi, murya ta canza ta koma ta hanci. Ya kurɓi ruwa ya ƙware, ko ruwan ya fito ta hanci. Daga nan wuya ya kasa ɗaukar kai, hannuwa su saki, sai ƙirji, sai ƙafafu. Dama da hagu tare suke tafiya. Wasu kan fara da tashin zuciya da amai da ciwon ciki, wasu ko kaɗan, daga baya ma ciki ɗaurewa yake yi.

Abin da ke kisa ƙirjin ne. Tsokar da ke jan numfashi in ta saki, shi ke nan in ba na'ura. Kuma duk wannan hankalin mutum garau, yana ji, yana ganewa, in an tsunkule shi zai ji zafi. Motsin ne kawai aka ƙwace mashi.

Nas Binta: Wannan na ƙarshen da Dakta ta faɗa ku riƙe shi da kyau. Duk mai jinyar da jijiyoyin motsinsa suka saki, in ya kwanta ido rufe ba magana, dangi sai su ɗauka ya suma. Su tsaya a kansa suna cewa wannan ai ba zai tashi ba, har a fara zancen wa zai riƙe yara. Yana jin su tsaf. Mu abin da muke yi, mu sa hannunmu cikin nasa mu ce in kana ji na matsa, ko ka motsa babban yatsan ƙafa, don ƙafa ce ke jimawa ba ta saki ba. Wani abu kuma, kar ku jira ku ga yana haki ko fafutukar shaƙar iska kamar mai asma. Ba shi da ƙarfin yin hakin. Shiru zai yi, numfashin na raguwa, ku ce barci ya samu.

Malama Rabi: Subhanallahi. Wallahi da a gidanmu ne mutum ya wayi gari ido ya rufe, baki ya karye, ba zazzaɓi, kuma a ce mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ba wanda zai ce asibiti. Jifa za a ce, ko iska.

Dakta Sa'adatu: Malama, mutum biyu ko uku a gida ɗaya ɗin nan shi ne babbar shaida a wurinmu. Shanyewar ɓarin jiki ba ta kama mutum uku rana ɗaya, kuma ita gefe guda take ɗauka. Da zarar haka ta faru tambayar farko ita ce me suka ci tare. Ba na hana tofi da addu'a, a yi a mota ana tafiya. Abin da nake roƙo, wanda haɗiya ta fara yi ma wuya kar a ɗura mashi komai ta baki, rubutu ne, madara ce, manja ne. Huhu zai tafi, a ƙara mashi ciwon huhu a kan na da. Kuma manja ba ya karya wannan dafin.

Hajiya Babba: To Dakta na ji. Amma mu da muka shekara arba'in muna ajiye tumatir ba mu taɓa ganin wannan ba.

Dakta Sa'adatu: Hajiya ta yaya kuke ajiyewa?

Hajiya Babba: Kauɗa mana. A yanka a shanya a rana har ya bushe, a zuba a buhu.

Dakta Sa'adatu: Shi ya sa. Ƙwayar ba ta iya tsiro a busasshen abu. Haka kilishin da ya bushe sosai. Kwalba ce sabon abu a wurinmu.

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Amma Dakta na tafasa fa. Sau biyu ma. Man da na zuba a sama kuma an ce shi ke hana lalacewa.

Dakta Sa'adatu: Abu biyu ne ake haɗawa. Akwai irin ƙwayar, akwai dafin da take fitarwa. Irin yana cikin ƙasa ko'ina, yana manne da albasa da tattasai tun daga gona, a ƙudundune cikin ɓawo mai tauri. Zafin ruwa a tukunya ba ya wuce maki 100 a ma'aunin Selsiyas komai wutar da kika hura, irin kuwa sai an kai maki 121 na minti 3 ake tabbatar da an gama da shi, wanda sai da tukunyar matsi irin ta masu yin abincin gwangwani. Tafasawarki ta kashe sauran ƙwayoyi ta kori iska, ta bar mashi fili shi kaɗai. Man ya ƙara toshe iskar. Tsami ne ke hana shi tsiro, a ma'aunin tsami in abu ya yi ƙasa da 4.6 ba ya iyawa. Tumatir zalla yana bakin iyakar nan, shi ya sa ake ƙara mashi ruwan lemun tsami cokali biyu babba a kowace lita. Da kika haɗa da tattasai da albasa kin rage tsamin.

Shi dafin kuma wuta na kashe shi. Tafasa sosai ta minti 10 tana lalata shi. Da a miya yaron nan ya ci, da ban damu haka ba.

Hajiya Babba: Ashe dai maganata ta a tafasa ba ta faɗi ƙasa ba.

Dakta Sa'adatu: Rabinta ta tsaya Hajiya. Wadda ba ta nuna komai ba ita ake tafasawa, don dafin na iya kasancewa ba wari ba canjin ɗanɗano. Wadda ta kumbura kuwa ba a caca da ita. Wajen juyewa ta fantsama a hannu, a cokali, a kan yankakken kabeji, an gama.

Abba Mai Kemis: Dakta ni tambayata ta sana'a ce. In aka kawo mani irin wannan, ba sai in fara mashi allurar kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa ba kafin a kai asibiti? Tunda ƙwayar cuta ce.

Dakta Sa'adatu: A'a Malam Abba, don Allah. A na abinci ba ƙwayar ce ke yaɗuwa a jiki ba, dafin da ta riga ta zuba a kwalba aka ci. Antibayotik ba shi da abin da zai kashe. Jentamaisin da danginsa kuwa ƙara raunana saƙon jijiya zuwa tsoka suke yi, sai ka tura shi gaba. Taimakon da za ka yi shi ne ka tare mota.

Yadda dafin ke aiki: ya bi jini ya je bakin jijiya, daidai inda take miƙa ma tsoka saƙo, ya shige ciki ya datse abin da ke fitar da saƙon. Akwai makari, allura ce da ake samowa daga jinin doki. Tana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shige jijiya ba ta iya zaro shi. Wato tana tsayar da shanyewar inda ta kai, ba ta mayar da abin da ya tafi. Shi ya sa ake so a yi ta da wuri, a kwana ɗaya ko biyun farko, kuma likita ba ya jiran sakamakon gwaji, don gwajin kwanaki yake ɗauka. Da alamu da labarin abin da aka ci ake yanke hukunci. Ana yin ta ana tsaye a kan mutum saboda wani jikinsa na iya ƙin abin doki.

Abba Mai Kemis: Allurar nan ban taɓa ganinta a wurin dillalanmu ba.

Dakta Sa'adatu: Ba za ka gani ba. Ba kayan kanti ba ce. Ko a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ce ke riƙe ta, likita ya kira a aiko. A nan ma ta hanyar hukuma ake bi: asibiti ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a kai ga jiha, a kai ga NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, lambarsu ta kyauta 6232. Mutum ɗaya tak ya isa a kira, don inda ɗaya ya ci akwai yiwuwar wasu sun ci.

Ɗan Marusa: To in allurar sai an yi wannan doguwar tafiya, zuwa asibitin na mene ne? Talaka dai ya koma ga Allah.

Nas Binta: Ga Allah muke duka, amma zuwan na da amfani ƙwarai. Abin da ya fi ceton mutane a cutar nan na'urar numfashi ce da jinya. Jijiyar ba mutuwa ta yi ba, bakinta ne ya lalace, kuma tana sake tofo wani, sai dai a hankali, makonni ko watanni. Aikinmu mu riƙe mutum da rai har ta tofo: na'ura ta yi mashi numfashi, abinci ta robar hanci, a zuƙe majina, a riƙa juya shi kar bayansa ya yi gyambo, a motsa gaɓoɓi. Don haka ba kowane asibiti ba, a nufi babba mai sashen kulawa ta musamman tun mutum na numfashi da kansa. Kar a tsaya ƙaramin asibiti sai dare ya yi a fara neman motar da za ta kai shi.

Malam Lawal, Rafin Daɗi: Bari in tsoma baki da abin da na karanta, ya goyi bayan Nas. A 2006 a lardin Nan na ƙasar Tailan mutum 209 suka kamu bayan sun ci tsiron gora da aka adana a rufe, a wajen wani bikin addini. Mutum 42 sai da aka sa masu na'urar numfashi, makarin kuma daga ƙasashen waje aka kawo. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. A Alƙahira kuwa a 1991, wani kifin gishiri da suke ci lokacin bikin bazara ya kwantar da mutum 91 a asibiti, 18 suka rasu. A farkon ƙarni na 20 fiye da rabin waɗanda suka kamu a Amurka mutuwa suke yi. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari.

Sunan ma daga kalmar Latin ta tsiren naman da ake ɗurawa a hanji ya fito, don a Jamus da shi aka fara sanin cutar. Ƙwayar kuma wani masani ɗan Beljiyam, van Ermengem, ya gano ta bayan wasu makaɗa sun ci naman gishiri a wajen jana'iza a 1895, uku suka mutu.

Ɗan Marusa: Duk can ne dai Malam. Tailan, Masar, Jamus.

Malam Lawal, Rafin Daɗi: A Janairun 2018 a Abuja an yi zargin ta kama 'yan gida ɗaya, miji da mata suka rasu, kifi aka zarga, NCDC ta fitar da sanarwa. Kuma ba ciwon ƙauye ko na talauci ba ne. A 2023 a birnin Bodo na Faransa kifin sadin da wani gidan abinci ya adana da kansa a kwalba ya sa mutum 15 suka kamu, mace ɗaya ta rasu.

Baban Khalifa, Daura: Mu likitocin dabbobi mun fi ku sabawa da ita. Kaji in suka ci tsutsar mushe sai ka ga wuya ya saki ya kwanta a ƙasa, ba murɗewa irin ta wasu cututtukan ba, saki kawai. Shanu kuma in sinadarin fosfaras ya yi masu ƙaranci sukan tauni ƙashin mushe su ɗauko ta. Don haka Maman Ilham, masu kumburin nan kar a juye a bola inda kaji da awaki ke tono. A haƙa rami mai zurfi a binne su da kwalbar, inda ya zuba kuma a wanke da bilic.

Malama Rabi: Dakta ni na taɓa jin wai cutar nan ce ta sa ake hana ba jariri zuma. Raina bai kwanta da wannan ba, zuma da Alƙur'ani ya ce akwai waraka cikinta.

Dakta Sa'adatu: Ni ma ina sha Malama. Maganar ta ɗan ƙasa da shekara ɗaya ce kawai. Zuma na iya ɗauke da irin, hanjin babba na hana shi tsiro, na jariri bai kai ba, sai ya tsiro a ciki. Yaro ya daina kashi, ya kasa tsotso, kuka ya yi rauni, wuya ya saki.

Malam Lawal, Rafin Daɗi: Tahnikin da ya zo a hadisi ma ai da dabino ne.

Malama Rabi: Wannan sai mun buɗe mashi nashi zaren, ban gama ba.

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Dakta kina nan? Yanzu ya ce bakinsa ya bushe, kuma ya daina dariyar. Na karanta mashi abin da kika rubuta.

Dakta Sa'adatu: Ina nan. Tsoro ma na busar da baki, zafin garin nan ma haka, amma ba ni zan tantance ta waya ba. Ki sa ya karanta ƙaramin rubutu, ya bi yatsanki da ido dama da hagu ki tambaye shi ko ya zama biyu, ya ja numfashi ɗaya ya ƙirga da ƙarfi ki ji inda zai tsaya. Duk abin da kika gani, ku tafi yanzu, da kwalbar. Kar ya tuƙa babur da kansa. In kun je kar ku ce ya ci abin da ya lalace kawai, za a ɗauka ɓacin ciki ne. Ku ce tumatirin kwalba na gida, wata huɗu a rufe, murfi ya kumbura, bai ɗumama ba, ku faɗi lokacin, ku ambaci sunan cutar.

Abba Mai Kemis: Dakta ba za a iya rikita shi da wanda ya sha fiya-fiya ba? Shi ma jiki na saki.

Dakta Sa'adatu: Mai fiya-fiya jiƙe yake, yawu na dalala, gumi, hawaye, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. Wannan a bushe yake, baƙin idon sau da yawa buɗewa yake yi. Wanda ya fi kama da shi saran wasu macizai ne masu dafin jijiya, sai wata cutar jijiya da ita yawanci daga ƙafa take hawowa sama. Mashaƙo ma na iya kawo ruwa ya fito ta hanci, amma shi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi yake farawa.

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Mun iso. Sun duba idonsa da maƙogwaro da ƙarfin hannu, sun ce zuwa yanzu ba su ga komai ba, amma zai kwana su riƙa dubawa. Ko an sallame shi wai mu sa mashi ido har kwana 10. Maigidan na wurinsa. Na tambaya ko yara za su iya ɗauka daga gare shi, sun ce ba a ɗauka daga mutum.

Hajiya Babba: Alhamdulillahi. Allah ya tsare gaba, ya sa iyakar abin ke nan.

Nas Binta: Amin. Anti tsaya, ina lissafi. Kin ce 24 kika yi. Nawa ke sito yanzu?

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Tara, har da masu kumburin. Mun ci takwas a miya. Bakwai kuma... ya Salam. Na ba maƙwabciyata biyu, na kai ma Inna biyu, uku na aika ma ƙanwata da ke aure a Daura.

Dakta Sa'adatu: Kira su yanzu, kar ki bari sai da safe. Kar su buɗe, kar su ɗanɗana. Ki tambayi wa ya ci, yaushe, dafawa aka yi ko a taliya aka kwaɓa haka nan, kuma ko akwai wanda ya yi ƙorafin ido ko haɗiya.

Maman Ilham, Ƙofar Kaura: Maƙwabciya ta dawo mani da nata, ba ta buɗe ba. Inna ta yi miya da ɗaya tun watan jiya, lafiya lau, ɗayar na sa an ɗauko. Ƙanwata ce wayarta a kashe, ta mijin kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Kuma ita na san halinta, a shinkafa take zubawa da mai da yaji.

Baban Khalifa, Daura: Turo mani kwatancen gidan ta akwatin saƙo. Ina fitowa daga masallaci, babur na hannuna.